Tumaki, Goɗiya da Sankarar Mama: Abubuwan Mamaki Game da Homon

Idan aka tara mata goma masu sankarar mama a asibitocin Turai ko Amurka, za a tarar bakwai zuwa takwas daga cikinsu ƙarin da ke ƙirjinsu ya dogara ne da wani abu da jikinsu ke sarrafawa da kansa. Sunansa istirojin, homon ɗin da ke kawo wa yarinya ƙirgen dangi, ya tsara mata al'ada, ya shirya mahaifarta karɓar ciki. Shi homon saƙo ne da wata gaɓa ke zubawa a jini domin ya je ya ba wata gaɓar umarni. Umarnin da istirojin ke kai wa ƙwayoyin halittar mama kuwa ɗaya ne: ku rabu, ku yawaita. Lafiyayyar ƙwaya takan yi gwargwado ta tsaya. Wadda ta lalace ba ta san tsayawa ba. Hanyar da aka bi aka gano haka ta ratsa garken tumaki, da fitsarin dawaki, da wani maganin hana ɗaukar ciki da ya ƙi aiki.

Makiyaya da likitan Gilasgo

George Beatson, likitan fiɗa a birnin Gilasgo na Sikotilan, tun yana matashi ya sa ido kan yadda tumaki ke kawo nono. Ya kuma ji cewa a wasu ƙasashe makiyaya kan cire wa saniya ma'ajiyar ƙwai bayan ta haihu don ta daɗe tana ba da madara. Sai ya ce a ransa, ashe ma'ajiyar ƙwai na da iko a kan hantsa ta wata hanya da ba ta jijiya ba. A 1895 aka kawo masa wata mata mai shekara 33 wadda sankara ta dawo mata bayan an yanke maman. Ya ƙyale ƙirjin, ya buɗe ciki, ya cire ma'ajiyar ƙwanta duka biyu. Cikin 'yan watanni ƙarin ya motse har ya ɓace wa ido, matar ta ƙara kusan shekara huɗu a duniya. Ya wallafa labarin a mujallar Lancet a 1896, lokacin da babu mahaluƙin da ya san akwai wani abu wai shi istirojin. Babbar cibiyar kula da masu sankara ta Gilasgo har yau sunansa take amsawa.

Wani likitan Landan, Stanley Boyd, ya tattara sakamakon irin wannan fiɗa a 1900, ya ga mace ɗaya ce cikin uku ke samun sauƙi. Sauran biyun an tsaga su ne kawai. Dalilin ya zauna a duhu kusan shekara 60.

Samun istirojin ɗin ma sai da aka sha wuya. A 1929 Edward Doisy a Amurka da Adolf Butenandt a Jamus, kowa a nasa ɗakin gwaji, suka tace nau'insa na farko daga fitsarin mata masu juna biyu. Da Doisy ya nemi nau'in da ya fi ƙarfi, sai da shi da abokan aikinsa suka sarrafa tan 4 na ma'ajiyar ƙwan aladu kafin su samu kimanin miligiram 12.

A 1932 Antoine Lacassagne ya yi ta yi wa ɓeraye allurar istirojin a Faris, suka kamu da sankarar mama. Ɓerayen kuwa maza ne.

Da aka ga cire ma'ajiyar ƙwai ba ya share homon ɗin baki ɗaya, sai masu wuƙa suka bi shi har maɓoyarsa. A farkon shekarun 1950 Charles Huggins na Jami'ar Shikago ya riƙa cire 'yan ƙullutan nan biyu da ke zaune a saman ƙoda. A Suwidin har ƙasan ƙwaƙwalwa aka shiga ana ciro ƙullin da ke ba sauran umarni. Wadda aka yi wa haka ta shiga shan magani ke nan har ƙarshen rayuwarta. Yau ƙwaya ɗaya a rana ke yin wannan aikin.

Lissafin wata-wata

A 1713 Bernardino Ramazzini, likita a Italiya mai nazarin cututtukan da sana'o'i ke jawowa, ya rubuta cewa sankarar mama ta yi yawa a tsakanin matan zuhudu na Katolika, waɗanda ba sa aure. Ya ɗora laifin kan rashin miji. Ya kusa, amma bai kai ba, don rashin ciki da rashin goyo ne. Sai a 1926 wata likita 'yar Ingila, Janet Lane-Claypon, ta kwatanta mata 500 masu cutar da wasu 500 marasa ita, alƙaluma suka nuna cewa haihuwa da shayarwa na rage haɗarin.

Wata mai bincike Ba'amurkiya, Beverly Strassmann, ta zauna cikin Dogon na ƙasar Mali a ƙarshen shekarun 1980. A al'adarsu mace mai haila a wata bukka ta daban take kwana, saboda haka ƙidaya ta zo mata da sauƙi: kowane dare ta leƙa ta ga su wa ke ciki. Lissafinta ya nuna macen Dogon kan yi al'ada kimanin sau 100 a duk rayuwarta, domin yawancin shekarunta ko ciki gare ta ko goyo. Macen Amurka ta yau takan yi kusan sau 400. A kowane zagaye kuwa, bayan fitar ƙwai, istirojin da abokin tafiyarsa furojestiron kan sa ƙwayoyin mama su ƙara rabuwa, kuma duk rabuwa dama ce ta yin kuskure wajen kwafar bayanan gado. Wannan aikin homon ne ke sa mata da yawa jin ƙirjinsu ya cika yana ciwo gab da al'ada. Shi ya sa kuma aka fi son mace ta laluba mamanta 'yan kwanaki bayan wankan tsarki, lokacin da ya saki.

A arewacin Turai a tsakiyar ƙarni na 19, yarinya kan kai shekara 16 ko 17 kafin ta ga jinin farko. Yanzu 12 zuwa 13 ne. Wani babban nazari na 2012 ya ce duk shekara ɗaya da al'ada ta rigayi lokacinta haɗari na ƙaruwa da kashi 5 cikin ɗari, duk shekarar da ta ƙara kafin ta ɗauke kuma kusan kashi 3. A lura, ƙari ne a kan ɗan haɗarin da ke akwai tun asali, ba wai mata biyar cikin kowace ɗari za su kamu ba. Irin wannan lissafi ne masu tura saƙonni a WhatsApp ke juyawa su tayar wa mutane hankali.

A 2002 aka haɗa bincike 47 daga ƙasashe 30, aka ga kowane wata 12 na shayarwa na rage haɗari da kashi 4.3, kowace haihuwa kuma da kashi 7. Uwar da ke kai ɗanta wata 20 ko shekara biyu kafin yaye, kamar yadda aka saba a ƙasar Hausa, tana tara wa kanta riba ba ta sani ba.

Matan masunta na Hong Kong da ke zaune cikin kwale-kwale sun kasance suna shayar da jariri da maman dama kaɗai, saboda ta nan rigarsu ke buɗewa. Rahoton 1977 ya nuna cewa a cikin tsofaffin da suka shayar ta gefe ɗaya kuma suka kamu, kusan huɗu cikin biyar a maman da ba a sha ba cutar ta fito. Matan da aka ƙirga ba su da yawa, amma labarin ya kama zukatan masana.

Ciki kansa fuska biyu gare shi. A ƙarshe kariya ne, amma wani nazari a kan mata kusan 890,000 ya nuna cewa bayan haihuwa haɗarin yakan hau tukuna, ya kai ƙololuwa wajen shekara biyar, kuma sai an haura shekara 20 kafin ya juye ya zama kariya. Saboda haka ƙullutu a maman mai jego ko mai goyo, wanda ya ƙi bajewa bayan mako biyu, kada a tsaya ana cewa nono ne ya kwanta. Kuma kada yawan 'ya'ya ya ruɗi kowa. A ɗakunan jinya na Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai akwai iyayen 'ya'ya takwas da tara da suka shayar da kowanne har yaye, cutar kuma ta same su.

Abin da Boyd bai sani ba

A 1958 Elwood Jensen na Jami'ar Shikago ya bayyana cewa ya yi wa istirojin alamar da na'ura ke iya bibiya, ya yi wa ɓeraye allura, ya bi sawunsa. Homon ɗin ya zaga ko'ina a jiki, amma a mahaifa da makamantanta kaɗai ya maƙale. Ashe akwai wani furotin a cikin ƙwayoyin da ke cafke shi. Kamar kwaɗo da mabuɗi ne: jini na kai mabuɗin kowace ƙofa, amma sai mai kwaɗon da ya dace ke buɗewa. Ƙarin da ke da wannan makarɓa shi ke motsewa idan an yanke masa istirojin. Wanda ba shi da ita ko a jikinsa. Daga nan aka samo gwajin da ke faɗa wa likita, tun kafin ya rubuta magani, wace ce za ta amfana.

A 1962 wata masaniyar haɗa sinadarai, Dora Richardson, ta haɗa wani magani a kamfanin ICI na Ingila. Maganin hana ɗaukar ciki ake nema. A jikin ɓeraye ya hana. A jikin mata sai ya riƙa tayar da ƙwai, har aka koma ba masu neman haihuwa. Kamfanin ya kusa watsar da shi, shugaban binciken Arthur Walpole ya kafe sai an gwada shi a kan sankara. A 1971 asibitin Christie na Mancesta ya ba da rahoton gwajin farko. Birtaniya ta amince da shi a 1973, Amurka a 1977. Shi ne tamoksifen. Shiga kwaɗon yake yi ya toshe, mabuɗin gaske ya zo ya rasa wuri. Shan sa na shekara biyar na rage mace-macen masu ƙarin da ke da makarɓa da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsawon shekara 15, kuma yana cikin magungunan sankara mafiya araha.

Sai dai maganin ba ya da amana ɗaya a jiki duka. A mama yana toshe istirojin, a ƙashi da mahaifa kuma kwaikwayonsa yake yi. Ƙashin tsohuwa kan ƙara ƙwari, amma haɗarin sankarar bangon mahaifa da na gudajin jini kan ɗan ƙaru. Don haka yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, yana kuma cikin jerin abubuwan da ke haddasa sankara na cibiyar binciken da ke ƙarƙashin hukumar. Duka biyun gaskiya ne, amma ribar ta fi hasarar nesa ba kusa ba.

Bayan al'ada ta ɗauke ma'ajiyar ƙwai ta yi ritaya, amma istirojin bai ƙare ba. Kitse ne ke karɓar aikin. A cikinsa akwai wani sinadari, aromatas, mai juya homon irin na maza ya koma na mata. Shi ya sa ƙiba bayan ɗaukewar al'ada ke ƙara haɗari. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne kafin ɗaukewar al'ada lissafin a juye yake: manyan bincike sun nuna matasan mata masu jiki sun ɗan fi sirara kuɓuta. Wannan ba lasisin shan maganin ƙiba ba ne, domin kitsen da aka tara a shekara 25 yana nan yana jiran shekara 55.

Maganin farko da aka yi amfani da shi wajen toshe aromatas asalinsa na farfaɗiya ne. An janye shi a Amurka a 1966 saboda yana kashe ƙarfin ƙullutan saman ƙoda, likitocin sankara kuwa suka ce ai abin da muke nema ke nan. Jikokinsa su ne letirozol da anastirozol. Letirozol ma, kamar tamoksifen, likitocin mata na ba masu neman haihuwa. Anastirozol kuma a Nuwamban 2023 Birtaniya ta amince a riƙa ba matan da al'adarsu ta ɗauke, masu haɗari mai yawa, a matsayin rigakafi, bayan gwaji ya nuna yana rage kamuwa da kusan rabi.

Inda lissafi ke juyewa

A 1944 Alexander Haddow a Landan ya ɗirka wa tsofaffin mata masu cutar istirojin na haɗi mai yawan gaske. Maimakon ƙarin ya haukace, sai ya motse a jikin wasunsu. An yi kusan shekara 30 ana wannan magani kafin tamoksifen ya ture shi. Bayanin masana shi ne ƙwayoyin da suka daɗe ba su ga istirojin ba kan mutu idan ya zo musu da yawa a lokaci ɗaya.

Irin wannan istirojin na haɗi, mai suna DES, shi aka riƙa ba miliyoyin mata masu ciki daga shekarun 1940 don hana ɓari. Bai hana ba. A 1971 aka gano wata baƙuwar sankarar farji a jikin 'ya'yansu mata, su iyayen kuma haɗarin sankarar mamansu ya ɗan ƙaru.

Premarin, maganin da mata a Amurka ke sha tun 1942 don rage zafin jiki da gumin dare na ɗaukewar al'ada, daga fitsarin goɗiya mai ciki ake tace shi. A Yulin 2002 aka tsayar da wani gwaji mai mata 16,608 shekara uku kafin wa'adinsa, saboda masu shan wannan istirojin haɗe da furojestiron na haɗi sun fi kamuwa da kashi 26, wato ƙarin mata 8 cikin kowace 10,000 a shekara. Mata suka zubar da ƙwayoyinsu. A 2003 yawan masu kamuwa da sankarar mama a Amurka ya faɗi da kusan kashi 7, kuma faɗuwar ta fi yawa a nau'in da ke da makarɓa. Sai ga ɗaya ɓangaren gwajin: matan da aka cire wa mahaifa, waɗanda suka sha istirojin shi kaɗai, sun fi masu shan ƙwayar banza kuɓuta daga cutar. Tun daga nan aka fara yi wa furojestiron kallon tuhuma.

Ƙwayoyin tazarar haihuwa fa? Wani bincike a Denmak a 2017, a kan mata miliyan 1.8, ya samu ƙarin kashi 20, wanda a zahiri ke nufin mace ɗaya cikin kowace 7,690 a shekara. Ƙarin kan ja baya bayan an daina sha. Ƙwayoyin kuma na rage sankarar ma'ajiyar ƙwai da ta bangon mahaifa na shekaru masu yawa. Wadda ta taɓa yin sankarar mama ce dai likitoci ke hanawa.

Giya na ƙara istirojin a jini, kuma kowane giram 10 na barasa a rana na ƙara haɗari da kimanin kashi 7. Motsa jiki na rage shi. Dogayen mata sun ɗan fi gajeru kamuwa, ana kuma danganta hakan da homon ɗin girma. Ɓari ko zubar da ciki ba ya ƙara haɗari, in ji nazarin 2004 da ya haɗa bincike 53. Sa kuɗi ko waya a rigar mama kuwa babu hujjar da ta nuna yana jawo sankara, duk da yawan faɗinsa a gidan biki.

A 2007 cibiyar binciken sankara ta duniya ta sa aikin dare cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar, bisa tunanin cewa hasken fitila na danne melatonin, homon ɗin barci. A 2009 aka ji Denmak ta biya diyya ga mata kusan 40 da suka shekara da shekaru suna aikin dare. A 2016 masanan Jami'ar Okisfod suka duba bayanan mata miliyan 1.4, suka ce tasirin kaɗan ne ko ma babu. Ma'aikatan jinya na iya sakin numfashi, ko da rabi.

Maza, karnuka da shanu

Namiji ma yana da 'yar tsokar mama a bayan kan nononsa, yana kuma da nasa istirojin. Kusan ɗaya cikin ɗari na masu wannan cuta maza ne, kuma sama da tara cikin goma na ƙarinsu na da makarɓa, abin da ya zarce na mata. Ciwon hanta mai tsanani na ƙara musu haɗari, domin hanta ce ke share homon daga jini. Mathew Knowles, mahaifin mawaƙiya Beyoncé, ya bayyana a 2019 cewa ɗigon jini a rigarsa ne ya kai shi asibiti. Namijin da ya ji tauri a ƙarƙashin kan nono ya aje kunya gefe.

Jariri sabon haihuwa, mace ko namiji, nononsa kan kumbura har ya ɗiga ɗan farin ruwa. Homon ɗin uwa ne da ya rage a jininsa, kuma da kansa yake bajewa. Matsewar da tsofaffi ke yi ce ke kawo ƙurji.

Wani bincike na 1969 a Kalifoniya ya nuna cewa karyar da aka cire wa ma'ajiyar ƙwai kafin ta fara neman namiji da wuya ta yi ƙarin nono. Saniya kuwa, da duk girman hantsarta da shekarun da take yi ana tatsa, sankarar hantsa abu ce da likitan dabbobi kan gama aikinsa bai gani ba.

A shekarun 1940 tumakin yammacin Ostireliya suka daina haihuwa. Aka bi diddigi, aka tarar wata ciyawa ce da suke kiwo mai sinadarai masu kama da istirojin. Waken suya ma na da danginsu, abin da ya sa aka daɗe ana tsoratar da mata da shi. A 2009 aka bi mata 5,042 da suka yi sankarar mama a birnin Shanghai na Sin, sai ga shi waɗanda suka fi cin abincin waken suya sun fi ƙarancin mutuwa da dawowar cutar. Mai son awara ta ci abarta.

A ɗakin gwaji

A 1970 aka zuƙo ruwa daga ƙirjin wata matar zuhudu mai shekara 69 a birnin Detroit, Sista Catherine Frances Mallon, aka raya ƙwayoyin sankarar da ke ciki. Ta rasu a shekarar, amma ƙwayoyin nata, da ake kira MCF-7, har yau suna rabuwa a ɗakunan gwaji na duniya. Suna da makarɓar istirojin, kuma dubban rahotannin bincike a kansu aka gina su.

A 1986 aka gano cewa jan rinin da masana ke zubawa a ruwan rainon ƙwayoyi shi ma yana ɗan aiki irin na istirojin. An yi shekaru ana ciyar da ƙwayoyin da homon ba a sani ba. Ba a daɗe ba Ana Soto da Carlos Sonnenschein a Boston suka ga nasu ƙwayoyin na yawaita babu dalili. Bayan dogon bincike suka gano wani sinadari ne ke tsattsafowa daga bututan robar da suke amfani da su. Wani sinadarin robar, BPA, tun a shekarun 1930 aka san yana kwaikwayon istirojin, kuma Tarayyar Turai ta haramta shi a fidar jarirai a 2011. Cewa roba na jawo sankarar mama a jikin mutum bai tabbata ba, amma zafi na sa ta sakin abin da ke cikinta.

Ƙarin da ke da makarɓa yawanci tafiyar hawainiya yake yi, amma yana da haƙuri. Nazarin 2017 a kan mata kusan 63,000 da suka gama shekara biyar na magani ya nuna cutar na iya dawowa har shekara 20 da gano ta: kashi 13 ga mai ƙaramin ƙari da bai taɓa kaluluwar hammata ba, kashi 41 ga wadda nata ya fi girma ya kama kaluluwa da yawa. Shi ya sa ake ƙara wa wasu wa'adi zuwa shekara goma. Wani lokaci kuma ƙarin kan sauya makarɓarsa ta riƙa aiki ko babu homon. A Janairun 2023 Amurka ta amince da maganin farko na sha da aka yi musamman don wannan.

Ta nan gida

A 2009 ayarin Farfesa Olufunmilayo Olopade, wadda ta yi karatun likita a Ibadan take aiki a Shikago, ya duba samfurin mata 507 daga Najeriya da Senegal, ya samu makarɓar istirojin a kusan ɗaya cikin huɗu kacal. Shekara ɗaya kafin nan wani bincike a Ibadan ya samu kusan biyu cikin uku. Gaskiya ne nau'in da ba shi da makarɓa ko ɗaya ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma, amma wani ɓangare na wannan tazara daga hannu yake. Makarɓa furotin ce mai saurin lalacewa. Ƙa'ida ita ce naman da aka yanko ya shiga ruwan fomalin cikin awa ɗaya, ya zauna awa 6 zuwa 72. Idan ya kwana a tire, ko ɗan'uwa ya yi kwanaki yana yawo da kwalba daga wannan gari zuwa wancan, sakamako kan iya fitowa babu, alhali akwai. Ta haka mace ke rasa magani mai araha da zai ƙara mata shekaru. A ganina wannan ya fi duk abubuwan da ke sama cancantar a ɗaga murya a kansa.

Fiɗar Beatson ma ba ta tsufa ba. Wani gwaji a Biyetnam da Sin, mai mata 709, ya nuna a 2002 cewa cire ma'ajiyar ƙwai haɗe da tamoksifen ya kai kashi 75 na matan shekara biyar cutar ba ta dawo ba, waɗanda ba a yi wa ba kuma kashi 58. Wadda ba ta son wuƙa akwai allurar Zoladex ta wata-wata, mai kwantar da ma'ajiyar ƙwai na ɗan lokaci.

Tsoron rasa haihuwa na sa matan aure da yawa gudun magani. A 2023 aka fitar da sakamakon gwaji a kan mata 516 da suka dakatar da ƙwayoyinsu ƙarƙashin kulawar likita don neman ciki, bayan sun sha na wata 18 zuwa 30. Kusan uku cikin huɗu sun samu ciki, kuma cikin shekara uku cutar ta dawo wa kashi 8.9, kusan daidai da kashi 9.2 na waɗanda ba su dakatar ba. Amma tamoksifen na cutar da ɗan tayi, saboda haka dakatarwa shawarar likita ce, da komawa bayan haihuwa.

Ko a Amurka kusan rabin mata ba sa cika shekara biyar ɗin yadda aka rubuta musu. Zafin jiki da ciwon gaɓoɓi kan gundure su, wasu kuma su ga sun warke.

A 2022 mata miliyan 2.3 ne suka kamu a duniya, 670,000 suka rasu. A Najeriya sama da 32,000 suka kamu, sama da 16,000 suka rasu, yawancinsu saboda sun isa asibiti a makare. Duk wadda aka yanko wa nama don gwaji, ko mijinta, ko ɗanta, su tambayi likita baki da baki: an duba makarɓar istirojin da ta furojestiron da wani furotin mai suna HER2? Su karɓi takardar sakamakon su adana. Idan an rubuta ƙwaya ta shekara biyar a sha ta har ƙarshe, in ta dami jiki a koma a nemi canji, in kuma aka ga jini bayan al'ada ta ɗauke a garzaya asibiti a makon.